Yoga a cikin gidan tarihi: a nan Kabi zai yiwu kuwa?

Bashir_BK
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so mu juya ta tare.

A Turai da Amurka gidajen ajiye zane-zane da kayan tarihi sun fito da wata dabara. Da sassafe, kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa, sai a bar wasu mutane su shigo da 'yan tabarminsu na roba, su shimfiɗa a tsakar zaure tsakanin zane-zane da mutum-mutumi, mai koyarwa na gaba, su yi yoga, wato motsa jiki na miƙa da sarrafa numfashi irin na mutanen Indiya, wajen awa guda, su naɗe kayansu kowa ya kama hanyar wurin aiki. Kuma biya suke yi, ba sadaka ba ce. Gidan Louvre na birnin Paris ya yi haka a 2024 gab da wasannin Olamfik, har da rawa da sassarfa a cikin ɗakunan. A Landan akwai gidan tarihin da ake yin yogar ƙarƙashin ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka rataye a sama.

Tambayata ita ce, mu da Allah Ya ba mu Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, me zai hana a yi makamancin wannan? Mutane su motsa jiki, gidan ya samu ɗan abin shiga, matasa su san hanyar wurin. Ko akwai abin da ban hango ba?

Ba_Argunge
Wa'alaikumus salam. Akwai abin da ba ka hango ba ƙwarai, Bashir. Ka taɓa shiga wanga gida kuwa? Ba ɗakin zane-zane ba ne, tsohuwar fada ce. Tun 1831 anka gina ta, sarakuna sunka zauna ciki har 1942 da anka koma sabuwar fada, sannan anka maishe ta gidan tarihi 1958. Kuma kaburburan sarakuna suna nan cikin gidan. Nan kake son a kawo samari da gajeren wando su ɗaga ƙafa sama? Haba dai.

Bashir_BK
Na shiga, Kawu, tun muna firamare aka kai mu. Ni ban ce wajen kaburbura ba. Ai akwai fili.

Ba_Argunge
To ka ji. Tun firamare. Kai da ba ka koma ba sai yanzu da Turawa sunka yi abu kake tuna gidan.

Bashir_BK
Ai maganata ke nan, Kawu. Mu nawa ne a zauren nan muka koma bayan ziyarar makaranta? In babu abin da zai mayar da mutum, ba zai koma ba.

Bakatsinen_Badariya
Ku ƙyale Kabawa da yoga don Allah. Mutumin da zai nutse a kogin Matan Fada ya daɗe har a fara salati, ya fito rungume da giwan ruwa, wane Ba'indiye ne zai koya masa riƙe numfashi? A dai rataya musu ƙashin giwan ruwa a sama su kwanta suna kallo, sai dai kafin a tashi wani ya sauke shi ya kai tukunya.

Ba_Argunge
Bakatsine, ci kifinmu ka yi shiru, manya na magana.

Malam_Sanusi_Gwandu
Assalamu alaikum. Kun yi gaba da maganar wuri, kun baro maganar abin da za a yi a wurin. Yoga ba daga filin ƙwallo ta fito ba, daga bautar mutanen Indiya ta fito. A cikinta akwai jerin motsi da suke yi don gaida rana, akwai kuma wani sauti da suke ja tare wanda yake ambato ne a addininsu. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yin ta a 2008 saboda waɗannan abubuwan.

Sannan ku dubi yadda Bashir ya siffanta abin. Da sassafe, wato daidai fitowar rana, lokacin da shari'a ta hana mu ko da nafila don kada mu yi kama da masu bauta mata. A ɗakin da yake cike da gumaka. Mutum ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Ko niyyarsa motsa jiki ce, yaron da ya leƙo ya gani me zai ɗauka?

Nas_Hadiza
Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ina da abin cewa ta ɓangaren aikina, ba ta ɓangaren fatawa ba.

Mace za ta zo mana da ciwon baya, wata shekararta ashirin tana dashen shinkafa a sunkuye, wata daka da ɗaukar ruwa, wata zaman ofis ne da haihuwa a kai a kai. In aka duba ba wani abin tiyata, aka tura ta wurin masu gashin ƙashi, me suke sa ta yi? Ta dafa ƙasa da hannu da gwiwa, ta gantsara baya a hankali tana shaƙar iska, ta ƙudundune shi tana fitarwa, sau goma. Ta kwanta rigingine ta jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ta riƙe. Ta kwanta rub da ciki ta ɗaga ƙirji da hannuwa. In ka buɗe bidiyon yoga za ka tarar da waɗannan motsin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce mana asibiti na koyar da shirka.

Kuma Malam ya kawo Maleshiya, bari in cika masa. Maƙwabciyarta Indonesiya, malamanta sun zauna a 2009, abin da suka hana shi ne yogar da take da ambato da sigar bauta, wadda take motsa jiki zalla suka bar ta. Saudiyya kuma tun 2017 ta amince da ita cikin wasannin motsa jiki.

Malam_Sanusi_Gwandu
Malama Hadiza, abin da gwamnatin Saudiyya ta amince da shi ba hujja ba ne a wurina, akwai abubuwa da yawa da ta amince da su a 'yan shekarun nan. Amma rarrabewar malaman Indonesiya na karɓe ta. In an cire ambato, an cire gaida rana, maza daban mata daban, da sutura, kuma ba a fuskantar gunki, ba ni da ja. Damuwata ita ce wa zai tsare waɗannan sharuɗɗan bayan wata uku, in abin ya zama na 'yan gayu da kyamara.

Ummu_Khalil
Wannan tambayar ta Malam ta ƙarshe ita ce magana. Mun ga yadda walimar saukar Alƙur'ani ta koma.

Baba_Mai_Ajiya
Na yi shiru ina karantawa. Ni aikin gidan tarihi na yi har na yi ritaya, don haka bari in yi magana a madadin kayan, tunda su ba su da baki.

Bashir ɗana, abin da ba a nuna maka a bidiyon irin wannan yogar shi ne abin da ke bayan bango. Gidajen can suna da injinan da ke riƙe sanyi da laimar iska dare da rana, laimar tana kaiwa da komowa wajen kashi 50 cikin ɗari, ba ta yin nisa. Dalili, zanen mai da aka yi a kan ƙyalle ko katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, in abin ya yi yawa fenti ya tsage ya fara zuba. Mutum talatin da ke numfashi da ƙarfi suna gumi a rufaffen ɗaki suna ƙara zafi da laima, amma injin ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa ma suke zaɓen manyan zauruka masu dogon rufi, galibi inda mutum-mutumin dutse suke, don dutse bai damu da numfashinka ba. Ga igiya ko layi a ƙasa da ba ka ƙetarewa. Ga masu gadi a tsaye. Ga inshora a kan kowane kaya.

Mu kayanmu na Arewa fa? Fata, itace, auduga, ƙarfe, takarda. Garkuwar fata, kwari da baka, tambura, layu, masu da takubba, tsofaffin bindigogi. Fata tana bushewa da hunturu ta dare, ta yi fumfuna da damina. Ƙarfe yana tsatsa daga gumin tafin hannu kaɗai. Ginin kuma na ƙasa ne da azara. Lokacin da nake aiki, kowace safiya kafin in buɗe rajista sai na zaga da 'yar sanda ina ƙwanƙwasa azara ina saurare. In ta yi amo sosai, lafiya. In ta yi kof-kof, ko na ga wani gari-gari ya zubo a ƙasa inda aka share jiya, to gara ta shiga, ranar ba zama.

Wani gida da na yi aiki, ba zan kama suna ba, an taɓa ba da zauren haya don wani taro saboda a samu kuɗin gyara. Da safe muka tarar da shatin yatsu na man miya a kan fatar wani tsohon tambari, kuma wani ya gwada buga shi, fatar ta tsage daga baki. Kuɗin hayar gaba ɗaya bai isa a ɗauko wanda zai duba shi ba, ballantana gyara. Kuma ko an sake fata, ai ba ita ce waccan ba.

Ba ina cewa a rufe ƙofa ba ne. Gidan tarihin da ba kowa shi ma mutuwa yake yi, don wanda ba a zuwa wurinsa ba a ware masa kuɗi. Amma a cikin ɗakin kaya, a'a. A tsakar gida ko a farfajiya, wannan wata magana ce.

Bashir_BK
Allah Ya saka da alheri, Baba. To ai mun fara haɗuwa. Farfajiya.

Ba_Argunge
Ba ku haɗu da ni ba.

Zainab_Zuru
Ku maza kuna ta tarihi da fatawa, ba wanda ya tambaya wa zai zo. Mata ne za su zo. Ko a can ɗin, ku duba hotunan da kyau ku ƙirga mazan.

Ni ina aiki a Birnin Kebbi. Likita ya ce in rage ƙiba saboda hawan jini. Na gwada fita tafiya bayan sallar asuba, da hijabina har ƙasa da takalmin gudu. Mai mashin ya tsaya ya ce Hajiya ina zuwa, na ce ba ko'ina. Na gaba ya tsaya. Wani dattijo ya tambaye ni ko lafiya, ko yaji na yi. Na koma gida. Namiji zai je filin wasa ya cire riga ba mai kallonsa, ni ina zan je?

Abin da ya ja hankalina a maganar Bashir ba zane-zane ba ne, katanga ce. Wuri mai katanga da ƙofa ɗaya da mai gadi, wanda miji ba zai ji kunyar cewa matarsa ta je can ba. In ka ce masa za ka gidan motsa jiki sai ya ɗaure fuska, in ka ce gidan tarihi ko ɗakin karatu ba zai ce komai ba.

Ummu_Khalil
Yaji! Wallahi Zainab kin sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Amma gaskiya kika faɗa.

Bazamfare_Gusau
Ku yi mini afuwa, amma wanga zance ya ba ni haushi. Mu nan ƙauyukanmu mutane ba su kwana gida, manomi bai iya zuwa gonarshi sai ya biya 'yan bindiga, ku kuna nan kuna shawarar inda za a shimfiɗa tabarma a yi miƙa. Wanda bai ci ba mi ya haɗa shi da yoga?

Nas_Hadiza
Yaya, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, mu ma Kabi ta kudu ba ta tsira ba, tambayi Zainab. Amma ka zo ka zauna kusa da ni ranar awon jini ka gani. Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka su ne ba sa barci, su ne jininsu ke sama. Ban ce miƙa da numfashi za su maye gurbin magani ko abinci ba, duk wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya kuskura ya ajiye. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ba ta ce ban da talaka ba. Kuma a cikin duk abin da muke rubuta wa mutane, shi kaɗai ne ba a saye.

Bazamfare_Gusau
Manomi ya fi minti 150 kafin hantsi.

Nas_Hadiza
Manomin da ke gona, eh. Wanda aka raba da gonar yana zaune a gindin bishiya a gari yana tunani fa?

Dalibi_Kalgo
Bari in jefo wani abu da zai ba Kawu Ba_Argunge mamaki. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2016, a taron da aka yi a Adis Ababa. A wannan zaman dai, a wannan jerin dai, aka sa yoga. Tare suka shiga.

Ku dubi abin da kowa ya yi da nasa. Indiya ta riga ta kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, Firaminista Modi da kansa ya gabatar, aka ware 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya, aka fara a 2015. Yau ga ta har cikin Louvre. Mu namu bikin da aka faro tun 1934, sai a yi shekaru ba a yi ba. Don haka ni tambayata ba ita ce a kawo yoga gidan Kanta ko kada a kawo ba. Me ya sa ba za a ce kowace Asabar da yamma akwai kokawa ko langa ta yara a gaban gidan ba, da mai kiɗa, in an tashi a zaga da su ciki a nuna musu kayan yaƙin kakanninsu? Dabarar Turawan ita ce a jawo mutum da abin da jikinsa ke so, sannan ido ya ga abin da bai zo dominsa ba. Ba dole sai da kayan Indiya ba.

Ba_Argunge
Yawwa! Wanga yaro ya yi magana. Kokawa, dambe, wasannin ruwa irin na kabanci, duk muna da su. Kuma 1934 ɗin da ka faɗi, zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ne anka yi wa bikin, bayan daɗewar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A koya wa yara wannan.

Zainab_Zuru
To ni da hawan jinina kokawa zan shiga ko dambe?

Bakatsinen_Badariya
Langa, Hajiya.

Zainab_Zuru
Allah Ya shirye ka. Ɗalibi, shawararka ta yi kyau amma ka sake komawa kan samari, waɗanda dama duk filin gari nasu ne.

Aminu_Kanada
Salam daga nesa. Ni na taɓa shiga irin wannan ajin a nan, abokin aiki ne ya ja ni, bari in faɗi abin da na gani.

Ana shiga kafin lokacin buɗewa. Takalmi da jaka da gorar ruwa duk a bar su a waje. An manna tef a ƙasa, tabarmarka ba ta wuce shi. Mai koyarwar ba ta yi wani ambato ba, Malam, ta dai ce a shaƙa a fitar. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: akwai wani babban zane a gabana, na wani kogi da kwale-kwale. Da rana in ka zo kallo, za ka tsaya gaban zane ɗan lokaci kaɗan, ka karanta 'yar takardar gefe, na bayanka ya matso, ka wuce. Ranar kuwa an ce in tsaya da ƙafa ɗaya in kafa ido a wuri guda don kada in faɗi, sai na kafa a kan zanen. A nan na lura akwai wani mutum ƙarami a bakin ruwan yana ɗaure igiya, kuma ruwan da na ɗauka shuɗi ne ashe rabinsa kore ne da ruwan ƙasa. Na sha wuce zanen nan ban gan shi ba.

Amma kada in yi muku kwalliya. Yawancin waɗanda suka zo masu hali ne, kuɗin shiga ya fi na tikitin kallo, kuma ana gamawa rabinsu suka ɗauko waya suna hoto. Gidan ya san abin da yake yi, talla ce. A Montreal ma a 2018 gidan zane-zanen garin ya haɗa kai da wata ƙungiyar likitoci, aka ba likita damar rubuta wa majiyyaci takardar ziyarar gidan kyauta. Duk neman hanyar da mutum zai tako ƙofar ne.

Malam_Sanusi_Gwandu
Malam Aminu, maza da mata a haɗe ne?

Aminu_Kanada
A haɗe, Malam. Ni da wani tsoho ne kaɗai maza. Ban koma ba.

Mai_Zane_Jega
Ni mai zane ne, da shi nake ci. Maganar Aminu ta taɓa ni ta wani gefe, ta ɓata mini rai ta wani gefen. Mutum ya yi wata uku a kan zane, a rataye shi ya zama bangon da ake ɗaga ƙafa a gabansa? Amma kuma in ɗaga ƙafar ce za ta sa a ga ɗan mutumin da ke ɗaure igiya, to wanda ya zana shi ai don a gani ya zana.

Abin da na fi so ku lura da shi, Bashir ya ce gidan zane-zane, sai ya kawo gidan kayan yaƙi, don shi ne muke da shi. Mu aikinmu ina yake ƙarewa? Bayan tirela, allon shago, hoton ɗan takara. Masu zayyanar allo da masu dagi a bangon soro da matan da ke ƙawata ƙwarya, duk masu zane ne, ba wanda ya rataye nasu ya ce a zo a kalla. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da zane-zane ta ƙasa tun 1993, amma yaron Jega da ke da hannu, a bangon makaranta da gawayi yake farawa, a nan kuma ake yi masa bulala.

In matan nan sun samu ɗaki, ni zan kawo zane shida in rataya kyauta. Ba mutum ba dabba, Malam, kada ka tashi. Fadama, kasuwa daga nesa, zayyana. Wadda ta ga wanda ya yi mata ta saya.

Injiniya_Bunza
Kowa na magana ba wanda ya ɗauko biro. A ce mace 20, kowace ta ba da naira 1,000. Dubu 20 ke nan a zama. Cire na mai koyarwa, cire na mai gadi da mai shara da za su fito kafin lokacinsu, cire mai in za a tada janareta don fanka. Me ya rage wa gidan? Louvre na karɓar baƙi kusan miliyan 9 a shekara, ajin yoga a wurinsu ba kuɗi ba ne, suna ne. Kada mu yaudari kanmu cewa wannan zai yaɓe katanga.

Ga yanayi. Maris da Afrilu zafi na haura 40, ƙarfe takwas na safe ma ba a zama a fili. Da damina farfajiya ta jiƙe. Da hunturu ga ƙura, kuma ku ce mutum ya shaƙa da ƙarfi. Can da suke yi a cikin gini ai gudun sanyi da ruwa ne ya kai su. Mu Baba ya kore mu daga ciki, rana ta kore mu daga waje.

Baba_Mai_Ajiya
Ban kore ku daga ko'ina ba, Injiniya, daga kan kaya na kore ku. Kuma ginin ƙasa mai kauri ya fi na siminti sanyi da bazara, kowa ya sani. Zaure wanda ba kaya a ciki zai yi. Maganar kuɗi kuwa ka yi gaskiya, ba zai yaɓe katanga ba. Amma rajistar baƙi da ta cika tana da amfani ranar da aka je neman kuɗin yaɓen.

Bashir_BK
To in na fahimta, Malam ya yarda da sharaɗi, Baba ya yarda ban da ɗakin kaya, Zainab na son katanga, mai zane zai kawo zane. Kawu kaɗai ya rage.

Ba_Argunge
Ni ba ni da gidan, balle in ba ka. Gida na da masu shi, akwai masarauta, akwai hanyar da ake bi a kai magana. Ka sa babbar riga ka tai ka faɗi abin da kake so da bakinka. Amma in ka ce yoga gaban fadawa kada ka ce ni na aike ka. Kuma ni har gobe ra'ayina, inda anka rufe sarakuna ba wurin miƙa ba ne, ko ciki ko waje.

Malam_Sanusi_Gwandu
Kuma ni ban ce na yarda ba tukuna, na ce ba ni da ja in an cika sharuɗɗa. Har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai koyar, kuma a ina ta koya.

Nas_Hadiza
Akwai wata abokiyar aikina a sashen gashin ƙashi, digirinta a kan wannan yake. Zan tuntuɓe ta, ban yi alkawari ba. Kuma in za a yi, duk mai ciki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, sai ta fara ganin likita. Ba tsayuwa da ka, ba gasar wa ta fi lanƙwasa.

Hajiya_Kulu_Islamiyya
Ina ta bin ku tun jiya. Zainab 'yata, ba sai kin je Argungu ba, daga Birnin Kebbi wa zai yi wannan tafiyar da asuba don miƙa? Makarantarmu tana da ɗakin taro, da katanga, da ƙofa ɗaya, kuma ba kowa ranar Alhamis da Juma'a da safe. Zan yi wa hukumar makaranta magana. Mai zane ya kawo zanensa in gani da idona kafin a rataya.

Bashir_BK
Hajiya, mun gode, amma wannan ai ya zama ajin motsa jiki a Islamiyya. Gidan tarihin fa? Shi ne asalin maganar.

Dalibi_Kalgo
Yaya Bashir, gidan tarihin yana nan a buɗe, ba sai da tabarma ba. Mu haɗa mota ɗaya mu je wani satin.

Zainab_Zuru
Hajiya, Alhamis da safe ina ofis. Juma'a ma sai sha biyu muke tashi. Ba yadda za a yi da Lahadi kafin ɗalibai su shigo?

Hajiya_Kulu_Islamiyya
Lahadi 'yan hadda na shiga ƙarfe bakwai da rabi. In za ku iya shida zuwa bakwai, ku turo mini sunaye ta akwatin saƙo in san yawan da zan faɗa wa hukuma.